Wa ya taɓa tace man itanol daga ragowar abinci?

Daga Rigasa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 nake jin takaicin ruɓaɓɓen mangwaro da kankana da ake jibgewa a bola. Wanda ya taɓa gwada tace man itanol, wato sinadarin barasa mai kama wuta, daga irinsu, don Allah ya ba mu labari.

Daga Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Sau uku na gwada. Na farko na bar bakin jarkar da na jiƙa kayan a ciki a buɗe, iska ta shiga, wasu ƙwayoyin bakteriya suka mayar da shi ruwan tsami. Na biyu na ɗaure murfi gam, jarka ta kumbura kamar za ta fashe. A na uku ne na huda murfin na zura tiyo, ɗaya bakin na tsoma a kwalbar ruwa. Kwana biyar tana ɓulɓul kafin ta yi shiru.

Ɗaliba daga Unguwar Rimi: Yaya, a makaranta da Zymomonas mobilis muka yi, bakteriyar da ake samu a bammi. Sukari kawai take ci. Na zuba mata ragowar tuwo da shinkafa, ko motsi ba ta yi ba, domin sitaci ne. Sai da na dafa, na zuba garin dawar da ta tsira, ya mayar da sitacin sukari. A gida kuwa yis ɗin burodi ya wadatar.

Mai walda daga Panteka: Ni na ƙera wa wani tukunyar tacewa. Itanol na tafasa a digiri 78, ruwa sai 100, don haka wuta kaɗan ake so. A yi a fili, domin da rana harshen wutarsa da ƙyar ake gani, na ƙone a hannu ban ankara ba.

Daga Kawo: Kada wanda ya zuba a janareta! Tacewar gida ba ta raba shi da ruwa duka, nawa sai da ya kai ni wajen bakanike. A ƙaramin risho dai na dafa shayi lafiya lau.

Uwargida daga Badarawa: Ku riƙa rubutu a jikin kwalbar, ku ɗora ta sama. Fari ne tas kamar ruwa, ƙaramin ɗana ya taɓa ɗauka zai kai baki, Allah ya sa ina kusa.

Daga Rigasa: Allah ya tsare, Hajiya. Malam na Panteka, nawa tukunyar za ta ci?