Wani ya nemi in ba shi ikon fitar da laburarena, tun labarin xz hankalina ya ƙi kwanciya

mai_tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, abin ya kwana biyu yana cina a rai. Ina da wani ɗan laburare na Python, wato kod da wasu shirye-shirye ke ɗauka su yi amfani da shi, da na rubuta shekara huɗu da suka wuce, aikinsa kawai karanta fayilolin saiti, ni kaɗai nake riƙe da shi kuma gaskiya na gaji, wani lokaci sai ƙorafi ya yi wata biyu ban ko leƙa ba. To akwai wani bawan Allah da ya fara turo min gyara kusan wata takwas ke nan, aikinsa tsaf, kowane gyara da gwajinsa, har wata matsala da ta shekara tana ba ni ciwon kai shi ya gano bakin zarenta. Shekaranjiya ya rubuto cewa tunda lokaci yana min wuya, in ba shi ikon haɗa gyara da kansa da kuma fitar da sabuwar siga a PyPI, shafin da mutane ke sauke laburaren Python. Ban san shi ba, ban taɓa jin muryarsa ba, suna ne kawai da hoton zane. Da a da ne da gudu zan ba shi, amma tunda na karanta abin da ya faru da xz, shirin matse fayiloli, a 2024 sai nake ganin kamar labarin ne yake so ya maimaita kansa a kaina, ga shi kuma ina jin nauyin zargin mutumin da bai min komai ba sai alheri. Ya zan yi?

mai_saba:
Wa alaikumus salam. PyPI dai kar ka ba shi, ko da wasa. Sauran a tattauna.

tsohon_hannu:
Ɗan'uwa tsoronka yana kan hanya, amma mu duba abin da ya faru da kyau don ka san ainihin inda ramin yake. Mai amfani da sunan Jia Tan ya fara turo gyara wa xz tun 2021, ya yi sama da shekara ɗaya yana aiki mai kyau har Lasse Collin, wanda shi kaɗai yake ɗauke da nauyin abin, ya yarda da shi ya ba shi ikon fitar da siga. Sai a Fabrairu 2024 ya saki 5.6.0, a Maris ya bi ta da 5.6.1, duka biyun da ɓoyayyiyar ƙofa a ciki, wato hanyar shiga kwamfutar mutane a asirce. Abin da nake so ka lura, mugun kod ɗin ba a rubuta shi a fili inda mai dubawa zai karanta ba. An cusa shi ne cikin fayilolin gwaji, irin matsattsun fayilolin nan da ake cewa ai samfurin lalataccen fayil ne don a gwada shirin, in ka buɗe ba abin da za ka gani sai tarkacen baiti. Shi kuma rubutun da yake zaro shi lokacin haɗawa, wani fayil mai suna build-to-host.m4 da aka taɓa, yana cikin ƙunshin da ake saukewa ne, wanda duk ya tsaya duba ma'ajiyar git, inda ake ajiye kod ɗin a fili, ba zai gan shi ba. Daga nan liblzma, laburaren xz, ya shiga sshd, shirin da ke karɓar masu shiga saba daga nesa ta ssh, ta hanyar wani laburare mai suna libsystemd a irin su Debian da Fedora, nau'o'in Linux. Wanda ya kama shi, Andres Freund, ma'aikacin Microsoft ne mai aikin PostgreSQL, ba neman ɓarawo ya fita ba, gani ya yi shiga ta ssh ta ƙara kusan rabin daƙiƙa kuma sshd yana cin CPU fiye da ƙima, ya ƙi kawar da kai, ya bi diddigi har ya sanar ranar 29 ga Maris. Allah ya taimaka abin bai kai ga tsayayyun sigogin da yawancin sabobi suke kai ba.

To ka ga ikon da ya yi ɓarnar shi ne na fitar da siga da hannu, daga kwamfutar mutum ɗaya. Shi za ka riƙe. Taimako kuwa karɓi abinka.

yar_debian:
Ni ta ɗaya gefen nake kallo, don na taɓa zama wannan mai turo gyaran. Na yi wata shida ina yi wa wani shiri aiki kyauta, ranar da na nemi a ƙara min iko sai kawai aka daina amsa min, ba e ba a'a, kuma har yau abin yana min zafi. Malam don Allah kar ka yi masa shiru. Mafi yawan masu turo gyara tsakani da Allah suke yi, kuma in kowa ya rufe ƙofa saboda Jia Tan, masu riƙe da laburare za su ci gaba da ƙonewa su kaɗai, wanda gajiyar ce ma ta buɗe hanyar tun farko. Ka rubuta ƙa'ida a fili cikin ma'ajiyar, cewa kowane gyara sai mutum na biyu ya duba, har naka, sannan ka gaya masa kai tsaye ga matakin da za ka fara ba shi. Mutumin kirki ba zai ji haushin wannan ba.

dan_js:
Mu a npm, wato irin PyPI na masu JavaScript, mun sha wannan tun 2018 da wani laburare mai suna event-stream. Mai shi ya daina amfani da shi, wani ya ce a ba shi ya ci gaba da kulawa, ya miƙa masa. Sabon ya ƙara wani ƙunshi mai suna flatmap-stream, a ciki akwai kod a ɓoye wanda ba ya motsi sai ya tsinci kansa cikin manhajar Copay ta ajiyar bitcoin, kuma sai da aka yi kusan wata biyu kafin a farga, alhali ana sauke laburaren kusan sau miliyan 2 a mako. Don haka in ya turo gyaran da ya ƙara sabon laburaren dogaro, ka tsaya ka tambayi dalili, ka je ka ga waye ya rubuta shi kuma yaushe aka ƙirƙire shi. Kar ka ce naka ƙarami ne ba wanda zai kula, ba kai ake nema ba, wanda ya dogara da kai ake nema.

tsohon_hannu:
Na manta ban tambaye ka ba, akwai wasu da suka fara matsa maka kwanan nan? A na xz wasu asusu ne da ba su da tarihi a ko'ina suka dinga rubuto wa Lasse cewa aiki ya tsaya, ya nemi mataimaki, har da gori, shi kuma ya fito ya ce yana fama da lafiyar ƙwaƙwalwarsa kuma aikin nan ba biyansa ake ba, amma ba su sassauta ba.

mai_tambaya:
Wallahi akwai wani da ya rubuta sau biyu watan jiya cewa laburaren ya mutu. Yanzu na duba, asusunsa ya kai shekara bakwai kuma yana da ayyukansa, ƙorafin nasa ma gaskiya ne, na yi sakaci da shi. Ban ga wata alaƙa tsakaninsu ba. Amma gabana sai da ya faɗi.

mai_saba:
To ga yadda zan yi in ni ne. A asusun kanka na GitHub, shafin da ake ajiye kod, duk wanda ka gayyata ikon rubutu yake samu gaba ɗaya, babu tsaka-tsaki, don haka ka mai da ma'ajiyar ƙarƙashin ƙungiya, kyauta ne, a can akwai matakin tantance ƙorafi wanda zai iya sa alama ya rufe ya buɗe ba tare da ya taɓa kod ba. Ka fara da wannan, rabin gajiyarka ma a nan take. In an kwana biyu ka ba shi rubutu amma ka kulle babban reshe, ba mai haɗawa sai da amincewar wani. Fitar da siga kuma ka daina yi daga kwamfutarka kai ma, tun 2023 PyPI suna da tsarin da GitHub Actions, tsarin GitHub mai gudanar da aiki da kansa, zai tura ƙunshin kai tsaye da makulli mai mutuwa cikin mintuna, babu wani dogon makulli da za a sace, kuma abin da ke cikin git shi ake ginawa. Sai dai ka kiyaye, mai ikon rubutu zai iya taɓa fayil ɗin aikin turawar, don haka ka sa matakin ƙarshe ya tsaya sai kai ka danna amincewa. Tabbatarwa mai mataki biyu kuwa PyPI sun wajabta tun farkon 2024, ka tabbata shi ma ya kunna a GitHub.

yar_debian:
Ka kuma nemi ku yi magana ta bidiyo ko minti goma ne, ba don bincike ba, ai wanda za ku riƙe abu tare ya kamata ku san juna. Ba hujja ba ce in ya ƙi, wasu suna da dalilinsu na ɓoye fuska, amma za ka ji yadda zai amsa.

mai_tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na buɗe ƙungiyar, na rubuta masa na gode masa kuma na faɗa masa gaskiya cewa tantance ƙorafi zan fara ba shi, fitar da siga zai koma ta Actions kuma ƙa'idar ta hau kaina ni ma. Sai wani abu, cikin gyare-gyarensa na baya akwai fayilolin gwaji guda uku matsattsu da na karɓa ban taɓa buɗewa ba. Daren nan zan warware su in ga abin da ke ciki, kuma ina so in roƙe shi ya rubuta ɗan kod da zai riƙa samar da su a madadin ajiye su haka. Akwai wanda ya taɓa yin irin wannan da pytest, kayan gwajin kod na Python, ya nuna min yadda ya tsara nasa?