Muhawara: ƙwallo suka je nunawa a Ƙatar, ko shari'a suka je yi?

Auwalu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun 2022, yau dai na ce sai na amayar da ita. Ni a ganina tashoshin talabijin na Turai ba su yi wa gasar cin kofin duniya ta Ƙatar adalci ba. Ranar 20 ga Nuwamba aka buɗe gasar a filin Al Bayt. Ɗan fim ɗin Amurka Morgan Freeman ya durƙusa kusa da Ghanim Al-Muftah, matashin nan da aka haifa ba ƙafafu, yaron ya karanto aya ta 13 a Suratul Hujurat, wadda ke cewa an sanya mu al'ummu da ƙabilu ne don mu san juna. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Amma babbar tashar BBC ta Birtaniya ba ta nuna bikin ba. Mai gabatarwarsu Gary Lineker ne ya buɗe shirin da lissafo laifukan Ƙatar tun ba a taɓa ƙwallo ba. Wannan ba aikin jarida ba ne, raini ne.

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam. Auwalu ƙanena, ka faɗi rabi ka bar rabi. Sun sa bikin a shafinsu na intanet da manhajarsu, wanda ke so ya kalla. Kuma abin da Lineker ya lissafo ba ƙirƙira ba ne. Ma'aikata sun mutu.

Auwalu: Anti, turawa can lungun intanet ai ɓoyewa ce. Abin da aka sa a babbar tasha shi miliyoyi ke gani.

Hajiya Binta: Na ji. To amma mu tsaya kan ma'aikatan nan tukuna, don kullum aka zo nan sai a yi saurin wucewa. A Fabrairun 2021 jaridar Guardian ta ce baƙin ma'aikata sama da 6,500 daga Indiya da Pakistan da Nepal da Bangladesh da Sri Lanka sun mutu a Ƙatar tun da aka ba ta gasar a 2010. Shi kansa Hassan Al-Thawadi, jagoran shirya gasar, da aka tambaye shi ana tsakiyar wasannin, ya ce tsakanin 400 zuwa 500 ne suka mutu a ayyukan da suka shafi gasar. Ko da nasa lissafin muka ɗauka, gida ɗari huɗu ne aka yi zaman makoki. Talakawa ne, da yawansu Musulmi 'yan uwanmu. Idan ɗan jarida ya tsaya a cikin filin da suka gina bai ambace su ba, ni shi zan ga laifinsa.

Malam Nasiru: Hajiya, a yi hattara da 6,500 ɗin nan. Adadin duk wanda ya mutu ne cikin shekara goma, ko ta wace hanya, ko mene ne aikinsa, ba masu ginin filin wasa kawai ba. Amma da maganar ta yi ta yawo daga baki zuwa baki, sai ta koma kamar duk a ƙarƙashin ginin filaye suka mutu. Sannan ba a cika faɗin cewa a 2020 Ƙatar ta ba ma'aikaci damar canza aiki ba sai da izinin maigidansa ba, ta kuma sa mafi ƙarancin albashi riyal 1,000 a wata. Ko gyaran ya isa, ko ana aiki da shi yadda ya kamata, wannan wata magana ce, kuma akwai abin faɗa a kai. Amma mai kallo na da haƙƙin jin duka biyun.

Auwalu: Allah Ya saka da alheri, Malam. Ni abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mudun da aka yi awo da shi. A 2018 a Rasha aka yi gasar, shekara huɗu bayan ta ƙwace Kirimiya. Wa ya buɗe shirinsa da irin wannan tuhuma?

Hajiya Binta: A nan ba ni da ja. Amma idan an yi shiru a Rasha, gyaran shi ne a daina shirun, ba a ƙara wani shirun a Ƙatar ba.

Shamsuddin: Ku yi haƙuri in shigo ta wata ƙofa, don na ɗan san harkar kyamara. Mutane da yawa na ɗauka kowace tasha ita ke ɗaukar wasan. Ba haka ba ne. Kamfanin da FIFA ta ɗora wa aikin, HBS, shi ke ɗaukar hoton wasa ya raba wa duniya. Wanda ya kalla a beIN da wanda ya kalla a SuperSport da na BBC, hoton cikin fili iri ɗaya suka gani. Abin da tasha ke da iko a kai shi ne baki: mai sharhi, da waɗanda ke zaune a situdiyo kafin wasa da lokacin hutun rabin lokaci, da lokacin da za a yanke a tafi talla. Ku tuna ƙwallon Japan ta biyu a ragar Sifaniya, wadda Mitoma ya ceto daga bakin layi Tanaka ya jefa. Duniya ta kwana tana rantsuwa ƙwallo ta fita, saboda hoton da ya nuna gefenta na kan layi bai fito a kan lokaci ba, kuma sakamakon wasan ne ya kori Jamus. Wannan ba laifin wata tasha ba ne. Haka TF1 ta Faransa ta tafi talla bayan Griezmann ya farke wa Faransa a wasansu da Tunisiya, tana zaton an tashi ɗaya da ɗaya. Ashe alƙalin wasa ya koma kan na'urar VAR ya soke ƙwallon, Tunisiya ta ci ɗaya da nema. Tashar ta nemi gafara. Ba kowane kuskure ne ƙiyayya ba.

Auwalu: To mu koma bakin, tunda shi ne nasu. Moroko ta doke Beljiyam, ta fitar da Sifaniya a bugun fenariti, En-Nesyri ya tashi sama ya sa wa Fotugal kai, ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Hakimi ya haura wurin 'yan kallo ya sumbaci mahaifiyarsa a goshi. Boufal ya jawo tasa mahaifiyar cikin fili, da ɗankwalinta, suna rawa hannu cikin hannu. Ni da na gani hawaye na yi, don tawa mahaifiyar ta rasu. Me ya biyo baya? Wata tashar Jamus, Welt, ta kwatanta ɗaga yatsar shahada da wasu 'yan wasan Moroko suka yi da alamar 'yan ta'addan ƙungiyar IS. A TV2 ta Denmark mai gabatarwa ya ɗaga hoton birai bayan an gama maganar 'yan wasan da iyayensu mata. Shamsu, wannan ma kuskuren talla ne?

Shamsuddin: A'a Yaya Auwalu. Wannan ba ni da abin da zan kare shi da shi.

Hajiya Binta: Ni ma ya ɓata mini rai ƙwarai, kuma neman gafarar da suka yi daga baya bai wanke shi ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a haɗa wanda ya ɗaga hoton birai da wanda ya yi maganar lebura ɗan Nepal a kwando ɗaya. Ɗaya cin mutunci ya yi, ɗaya tambaya ya yi da ta cancanci amsa.

Malam Nasiru: Akwai kuma abin da ba mu taɓo ba. beIN ta Ƙatar ce. Wanda ya kalli gasar a can ya sha daɗin sharhi da kirarin 'yan wasa, musamman ranar da Saudiyya ta doke Ajantina biyu da ɗaya, amma ba can ne zai je neman labarin ma'aikata ba. Kowace tasha da inda take kau da kai.

Auwalu: Na yarda da wannan, Malam. Amma ku duba ranar ƙarshe, 18 ga Disamba a Lusail. Ajantina da Faransa uku da uku, Mbappe na Faransa ya ci uku shi kaɗai, Ajantina ta ɗauka a fenariti. Sarkin Ƙatar Tamim ya yafa wa Messi bisht, alkyabbar da Larabawa ke karrama babban mutum da ita. Duk wanda ya san alkyabba ya san girma aka ba shi. A situdiyon BBC kuwa sai aka shiga ƙorafin an rufe masa riga. Minti ɗaya ya isa a ce wa mai kallo ga sunan tufar, ga ma'anarta.

Hajiya Binta: Ƙorafin rigar yana da ɗan tushe, don hoton ɗaga kofi shi ne wanda 'yan Ajantina za su rataye a bango shekara da shekaru, kuma rigar ƙasarsu suke son gani. Amma eh, ya kamata su yi bayani kafin su yi ƙorafi. Wata guda suna Doha, a ce babu wanda ya tambayi mene ne bisht?

Malam Nasiru: Auwalu, tambaya ɗaya gare ka. Gasar 2026 Amurka da Kanada da Meziko aka ba wa, ta 2034 kuma Saudiyya. A cikin biyun wanne kake so: su buɗe kowace gasa da laifukan mai masaukin baƙi, ko su yi shiru a kan kowa?

Auwalu: Su yi magana a kan kowa, Malam, amma su nuna bikin tukuna. Da sun bar mutane sun ji karatun yaron nan, sannan suka kawo maganar ma'aikata da alƙaluma na gaskiya, da ban buɗe wannan zancen ba.

Hajiya Binta: Da sun yi hakan, Auwalu, za ka tsaya ka saurari maganar ma'aikatan, ko za ka canza tasha?