Baba yana gane magana, amma kalma ta ƙi fita

Jama'a, don Allah ku taimaka min da shawara. Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki na dama, likita ya ce ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ya taɓu, inda magana take. Yana gane mu sarai, amma in yana son ruwa sai ya yi ta nuna kofi, leɓe na rawa, kalmar ta maƙale. Abin mamaki, waƙa kam yana rera ta tiryan-tiryan.

An ce ƙwaƙwalwa kan buɗe sababbin hanyoyi, musamman a watanni 3 zuwa 6 na farko. Mun wuce nan, sauƙin ya tsaya cak. Atisayen magana zai ƙara amfani yanzu? Mu riƙa ƙarasa masa kalma, ko mu bar shi ya lalubo da kansa?