Ɗige-ɗige sun fito wa ambulan ranar farko, me zan yi?

Assalamu alaikum. A akwatin marigayi mahaifina na samu ambulan mai kan sarki huɗu na samun 'yancin kan Najeriya: na kwabo, na taro, na sisi, da na sule da taro. Hatimin gidan waya ya fito sarai, 1 ga Oktoba 1960, ranar da aka fitar da su.

Bayan damina na buɗe, sai ga ɗige-ɗige ruwan ƙasa kamar tsatsa a gefe, ɗaya har ya kusa taɓa hatimin. Raina ya ɓaci ƙwarai. Wani ya ce in jiƙa shi, amma ai ruwa zai ɓamɓare kan sarkin daga ambulan, shi ke nan darajarsa ta tafi. Don Allah, yaya zan tsayar da tabon kada ya yaɗu? A leda zan adana shi ko cikin takarda?