Wane mai zan zuba wa sitiyarin Camry 1999?

MaiCamry99:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Motata Toyota Camry ce ƙirar 1999. A murfin tankin man sitiyari an rubuta Dexron II ko III, amma abin da nake gani a kasuwa Dexron VI ne, sai wani farin mai da aka rubuta na sitiyari ne kawai, sai kuma wani kore. Man da ke ciki ya yi baƙi, famfon kuma yana ƙugi da safe in na murɗa. Wanne ya dace, kuma zan iya ƙarawa a kan tsohon?

TsohonBakanike:
Wa alaikumus salam, Malam. Abin da murfin ya ce shi za ka bi: motarka man giyar otomatik (ATF) take sha a sitiyari, wato jan nan. Dalilin da ya sa ba ka ganin sunan kamar da, kamfanin GM ne mai Dexron, ya fito da VI a 2005, ya kuma daina ba da lasisin III a ƙarshen 2006. Man bai ɓace ba, sunansa ne ya sauya a jikin kwalba. Ka nemi wanda aka rubuta ATF III, ko D-III, ko Dex/Merc, ka juya bayan kwalbar ka tabbatar an ambaci Dexron III. Shi ne naka.

Dexron VI ya fi III tsinkewa. Famfon da ya haura shekara 20 ya riga ya ci a ciki, don haka mai kauri ya fi riƙe masa matsi, kuma inda sil ya fara gajiya, tsinkakken mai ya fi saurin samun hanyar yoyo. In III na samuwa, kada ka wuce shi. Farin nan kuwa, in ba a rubuta Toyota ko Dexron a bayansa ba, ka bar shi. Koren ba na motarka ba ne sam.

Injiniya_H:
Na yarda da Baba. Amma tunda man ya yi baƙi, ƙari ba zai yi maka komai ba, sai ka sauya duka. Abin da tsarin ke ɗauka bai wuce lita 1 ba, ka sayi lita 2 saboda wanki.

Ka ɗaga gaban motar da jak har tayoyin su bar ƙasa, ka sa mata madogara. Ka zuƙe man tankin da babban sirinji. Tankin yana da tiyo biyu: mai kauri yana kai mai famfo, siriri yana dawo da shi. Siririn za ka cire, ka toshe bakin da ka cire shi daga tankin, ka zura tiyon cikin kwalba. Ka cika tankin da sabon mai, ka buɗe makulli yadda sitiyari zai saki ba tare da ka tada inji ba, ka riƙa murɗawa a hankali daga ƙarshen dama zuwa ƙarshen hagu. Tsohon mai zai riƙa zuba cikin kwalbar. Wani ya tsaya yana ƙara mai, kada tankin ya ƙafe. Da ka ga ja tas yana fitowa, ka mayar da tiyon da maƙalarsa.

Kada ka yi wannan inji na aiki. Famfon zai zuƙe tankin cikin daƙiƙoƙi, ya sha iska, ya juya a bushe.

Sai fitar da iska: murɗa ƙarshe zuwa ƙarshe kamar sau 20 inji a kashe, sannan ka tada, ka maimaita. Kada ka danne sitiyarin a ƙarshe fiye da daƙiƙa 5, man yana zafi sosai a wurin. In ka ga kumfa, kashe, jira ta kwanta. Awo kuma a layin sanyi (COLD) na tankin za ka duba in motar ba ta yi tafiya ba.

GyaranTurai:
Abu ɗaya zan ƙara kan ƙugin safe, don sau da yawa ba laifin mai ba ne. Tiyon da ke kai mai famfo in ya tsufa yakan bushe ya saki a baki, iska ta riƙa shiga ko da ba ka ga ɗigon mai ba. A gindin tankin ma akwai rariya, datti kan toshe ta famfo ya rasa isasshen mai. Ka haska tocila ka duba, in ta toshe ka cire tankin ka wanke shi ya bushe. Ka duba bel ma, in ya yi sako-sako ƙara yake yi kamar fito.

Masu wasu motocin da ke karantawa, don Allah kada ku kwafi wannan amsa. Honda nata man daban ne, ATF yana lalata mata sil. Motocin Volkswagen da Audi da wasu BMW kore suke sha, irin su CHF 11S. Launi kuma ba hujja ba ne, LHM na tsofaffin Citroën ma kore ne amma ba iri ɗaya ba ne. Man birki kuwa ko kaɗan kada ya shiga, yana kumbura robobi har a kai ga sauya famfo da rak, wato ƙarfen da ke juya tayoyin gaba.

MaiCamry99:
Allah ya saka da alheri. In ban samu damar wankewa yau ba, zan iya ƙara III ɗin a kan tsohon?

TsohonBakanike:
Za ka iya, in dai abin da ke ciki ATF ne. Ka ɗiga kaɗan a farar takarda: in gefen ɗigon ya yi ja-ja, ƙara. In ka ga ƙyalli kamar garin ƙarfe, famfon ne ke ci, a duba shi kafin ka zuba sabon mai.