Saƙar dardumar ƙugiya a Kanada: waɗanda suka koya, ku zo mu ji

'Yar Zariya a Halifax: Assalamu alaikum. Sati uku ke nan ina zuwa wajen wasu dattijan mata masu saƙa darduma da ƙugiya. Ƙugiyar kamar kwarashi take, sai dai ƙotarta ta itace ce mai kauri. A ɗame algarara a jikin firam, hannun hagu yana ƙasa riƙe da siririn yankin ulu, na dama ya zura ƙugiya ya zaro shi sama ya yi ɗan kunne, a matsa gaba. Ko ƙulli ɗaya babu! To ni dai tawa ta kanannaɗe, ta ƙi kwanciya a ƙasa. Ina na kuskure?

Maman 'Yan Biyu, St. John's: Wa alaikumus salam. Cunkusawa kika yi, ƙanwata. Ni ma da farko duk ramin da na gani sai na cika shi, don tsoron kada abin ya zare tunda ba ƙulli. Malamarmu ta juya bayan aikina, ta shafa da yatsa, ta ce in riƙa tsallake rami ɗaya ko biyu. Kunnuwan su ke riƙe juna, ba sai an matse su ba. Wata guda na yi kafin hannuna ya yarda. Malamar ce ma ta nuna mini wata tsohuwar darduma irin ta mishan ɗin Grenfell mai kula da marasa lafiya, ta wajajen 1930, wadda matan Labrador da arewacin Newfoundland suka riƙa saƙawa da tsofaffin safunan siliki da aka rina. Laushinta har yanzu yana hannuna.

Anti Mai Ɗinki: Ni rowa ce ta ja mini. Na ga kuɗin ulu, na ce ina dalili, ga ragowar atamfa cike da jaka. Zare ya dinga tsiyayewa ta gefe, gida duk ya ɓaci. Tsohuwar rigar sanyi ta ulu ta fi, a wanke ta da ruwan zafi ta takure tukuna a yanka. Kuma ku ɓoye aikinku daga yara. Autana ya kama bakin ƙyalle ɗaya ya ja, aikin yini biyu ya tafi kafin in ce kai!

Ɗan Maraɗi: Hajiyoyi, a ba namiji wuri. Ni a Chéticamp na fara gani, can tsibirin Cape Breton, garin masu jin Faransanci, shi ya sa hira ta yi mana daɗi. Su da zaren ulu suke yi, ba yankakken ƙyalle ba. A gidan tarihinsu, Les Trois Pignons, na ga aikin Elizabeth LeFort, wadda ta saƙa fuskar shugaban Amurka Eisenhower. Na sayi ƙaramin kayan koyo. Faifan ajiye kofi kawai na gama, shi ma a karkace.

'Yar Zariya a Halifax: Na gode, Yaya Maman 'Yan Biyu. Na warware layi huɗu yanzu, algararar har ta saki. Anti, atamfata na mayar da ita akwati.