Zazzaɓi bayan mutuwar kaji: abin da kowannenmu ya gani

Mai kiwon kaji, Garwa:
Assalamu alaikum. Makon jiya kajina suka fara faɗuwa, zankonsu ya rine, kawunansu suka kumbura, ni kuma na kwashe mushen da hannuna ba tare da safa ba. Bayan kwana 3 zazzaɓi mai zafi ya rufe ni, tare da ciwon gaɓoɓi da busasshen tari. Na ɗauka na cizon sauro ne, wanda muke kira palu, amma gwajin jini bai nuna shi ba. Ina roƙon wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya faɗi abin da ya gani.

Hajiya mai sayar da kaji, Marwa:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka lafiya, ɗana. Ina kasuwa a watan Maris na 2006 lokacin da aka tabbatar da murar tsuntsaye ta H5N1 a jikin agwagi a nan Marwa ta ƙasar Kamaru, wata guda bayan ɓullarta a jihar Kaduna. A wancan lokacin autana, wanda shi ke mana fiɗa da figa, ya kwanta da zazzaɓi da gudawa, idanunsa suka yi jajawur. Na kai shi asibiti, amma na ɓoye zancen kajin don tsoron kada a zo a kashe mini su. Allah ya tashi kafaɗunsa, sai dai har yau wannan shirun yana damuna, domin da ran yaro na yi wasa.

Ma'aikacin jinya, Kuseri:
Hajiya, mun gode da wannan gaskiyar, don shirun nan shi ne ya fi ba mu wahala. A farkonta murar tsuntsaye ba ta da bambanci da mura ko palu, kuma alamunta kan bayyana kwana 2 zuwa 5 bayan taɓa tsuntsun. Abin tsoron shi ne tana sauka cikin huhu, ta yadda wajen kwana na biyar numfashi kan fara sarƙewa, wani lokacin har da jini a majina. Tun daga 2003, kusan rabin waɗanda aka tabbatar sun kamu da ita a duniya sun rasu, ciki har da wata mai shekara 22 a Legas a Janairun 2007. Jan idon da kika ambata ma alama ce, don shi aka fi gani ga ma'aikatan gonakin shanun madara a Amurka a 2024.

Na taɓa jinyar wani mahaucin kaji mai haki. Da ya faɗi sana'arsa muka keɓe shi, muka ɗauki samfur daga maƙogwaronsa, sakamako ya nuna murar da aka saba ce. Malam mai kiwon kaji, ka koma asibiti yau, ka fara da labarin kajin, domin oseltamivir, maganin da ake ba masu wannan murar, ya fi amfani cikin awa 48 na farkon ciwon. Ka kuma sanar da malaman dabbobi.

Mai kiwon kaji, Garwa:
Na gode, Hajiya, na gode, malam. Ƙanena da ya taya ni binne su ya tashi da tari yau da asuba, don haka tare za mu tafi yanzu.